Jinin Mma Memuna da Ƙanƙarar Shan Ruwa

Ku 'yan moto, masu haya da babur a tashar Yendi, kun sa mini suna Baba Akwati, kuma ranar nan na ji ku kuna cewa aikina ba aiki ba ne, wai ko akuya aka ɗaura wa akwatin nan aka nuna mata hanya za ta kai. Ban ji haushi ba. Sunana na yanka Issaka, a zangon Bawku aka haife ni, makarantar boko kuwa a aji uku muka rabu da ita, kowa ya gode wa Allah, har da tica. Don haka in kun ga rubutun nan yana tafiya kamar hanyar Bimbila bayan ruwan sama, ku riƙe da kyau. Jinin marasa lafiya nake ɗauka a bayan babur, daga Salaga zuwa Yendi, daga Bawku zuwa Yendi, inda na'urar tace shi take, da firij mai aiki da hasken rana. Jinin kansa bai kai nauyin goro ba. Abin da ke karya baya shi ne sanyin da ke kewaye da shi, wanda dole ya isa da ransa.

Aikin farko da aka ba ni a duniya ɗaukar ƙanƙara ne. Ubana ya gaji da ni, ya ce ba abin da nake ƙarawa a gida sai kwanon wanki, ya tura ni Salaga wajen Mma Memuna, wata ƙawar gidanmu mai sayen ɗanyen kifi a bakin ruwan Makango tana kaiwa garuruwa. Ta aike ni gidan ƙanƙara in ɗauko mata dunƙule guda. Aka ba ni shi a lulluɓe da garin katako, cikin tsohon buhun algarara. Ni kuma da wayona na ga ƙazanta ce, na tsaya a rijiya na wanke shi tas, na yar da buhun, na ɗora a ka ina tafiya ina taƙama, rana tana haska shi kamar madubi. Na isa da jiƙaƙƙiyar riga da wani ɗan abu kamar ragowar sabulu. Ba ta dake ni ba. Ta ajiye shi a faranti a gabana, ta ce in zauna in yi masa gadi har ya ƙare, tun da na nuna ina son kallonsa. 'Yan kasuwa suna wucewa suna yi mini ta'aziyya.

A hannunta na koyi cewa ƙanƙara tana nuna kamar mangwaro. Wadda ta daɗe a firij, in ka ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, za ta amsa da murya mai nauyi. Wadda aka fitar da wuri kuwa kyan fata gare ta, cikinta ruwa ne, kana girgizawa kana jinsa. Na koyi cewa dunƙule ɗaya babba ya fi tarin gutsattsari daɗewa, cewa garin katako bargonta ne, kuma duk buɗe akwati da za ka yi don ka duba, kai ne kake kashe ta. Kifi ma ta koya mini karanta shi. Ta ce wanda ya jira sai ya ji wari ya riga ya yi asara. Ido ake dubawa, sannan a ɗaga murfin kumatunsa a ga ko jan da ke ciki ya fara dushewa. Duk wannan da zagi ta koya mini. Ba ta taɓa kirana Issaka ba, kullum “kai ɗan Bawku”, kamar garin ne ya yi mata laifi.

Na yi shekaru ina kai mata kifi har Gambaga da Bawku, sai manyan motoci masu firij suka shigo suka cinye kasuwar. Ina zaune a Yendi ina ɗaukar fasinja irinku, sai wata nas, Sista Azara, wadda ta san ni da kifi, ta ce ana neman mutumin da ya san sanyi kuma ba ya gudun banza. Ta kai ni gaban wata likita 'yar Gambaga da ke koyarwa a jami'a, wadda muke ce wa Dakta kawai.

Dakta ta zaunar da ni ta yi mini bayani har sau da yawa, don na farko ina kallon fankar ofis ne. Ta ce masu cutar daji a mahaifa ko a mara ana kai su Kumasi a gasa wurin da wani haske da ido ba ya gani. Hasken yana kashe cutar, amma hanji maƙwabci ne, zafin yakan taɓa shi. Wani sai ya dawo gida ya yi watanni lafiya lau, sannan ciki ya fara murɗa, gudawa ta ƙi tsayawa, a ga jini a bayan gida. To, kowane nama a jikin mutum yana da umarnin da ya gada daga iyaye, a rubuce cikin ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai. In hanji ya ƙone, wasu daga cikin umarnin nan sukan tashi tsaye, wasu su kwanta, kuma alamar hakan takan zuba cikin jini. Abin da suke nema shi ne su gane waɗanne alamomi ne na ƙunar hanji, don a san ya taɓu tun abin bai yi nisa ba. Na ce mata ashe dai kumatun kifi suke dubawa. Ta yi dariya ta ce kusan haka, sai dai nasu har yanzu ana kan koyonsa, ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Ta ƙara da cewa alamomin nan zafi yana goge su. In jini ya ɗumama a hanya, abin da zai isa Yendi jan ruwa ne kawai.

Ga kayan aikin, tun da kuna ganin akwati ne kawai. Akwatin mai kaurin bango ne, a cikinsa akwai wani ƙaramin gida na roba inda kwalaben jini suke tsayawa, don kada su taɓa ƙanƙarar. Jini yana son sanyi amma ba ya son daskarewa, wannan Sista Azara ce ta koya mini, don ni a kifi na saba, shi kuwa ko ka binne shi a ƙanƙara ba ya ƙara. A ƙarƙashin akwatin ina shimfiɗa soso, in ɗaure da robar tsohuwar taya. Dalili, jini ba ya son girgiza. Ta taɓa ɗaga mini wata kwalba a gaban taga bayan an tace, ruwan da ya kamata ya fito kamar man gyaɗa ya fito ja-ja, ta ce wannan ramukan hanya ne suka farfasa shi. Saboda haka in ka yi gudu ka fasa, in ka yi sanyin jiki ka narke. A tsakanin nan ake cin abinci. Sai kuma babban abokin gabana, wani ɗan abu kamar akwatin ashana da ake sawa kusa da kwalaben. Yana da ido ɗaya, kuma ana ganinsa ta wata 'yar taga a jikin murfin. Muddin akwai sanyi idon kore ne. In zafi ya shiga ya daɗe, sai ya koma ja, kuma ko ka zuba masa ƙanƙarar duniya ba zai koma kore ba. Na sa masa suna Munafuki. Na yi masa magiya, na yi masa addu'a, na taɓa yi masa alkawarin aure, bai taɓa rufa mini asiri ba.

Wani tela a Bawku, ranar da aka ɗebi jininsa, ya riƙe hannuna ya ce in gaishe masa da Kumasi in ya isa, don can ya bar ƙarfinsa. Wata tsohuwa a Salaga ta sa na rantse ba za a haɗa nata da na namiji a gida ɗaya ba. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu wuya su ne masu lafiya. Kun san halinmu, ba a ganin mai tafiya a bar shi ya tafi hannu sake. Da an ga akwatin sanyi, wannan ta kawo wagashi, wato cukun nono, a kai wa 'yarta, wancan ya kawo nono. Gwaggona ta zangon Bawku ta daina amsa gaisuwata wani lokaci saboda na ƙi sa mata fura a ciki. Ta ce tun da na fara aiki da asibiti na zama Bature. Ni, mai aji uku.

Mugunyar shekarar ita ce wadda azumi ya faɗo a tsakiyar bazara kuma wuta ta riƙa ɗaukewa kamar tana jin kunyar mutane. Fakitin ruwa na roba da asibiti ke daskarar mana a madadin ƙanƙara ya zama ruwan ɗumi, muka koma ga ƙanƙarar kasuwa da garin katako irin na dā. Ƙanƙarar kuwa kowa nemanta yake don shan ruwa. A Bawku kuma aka hana hawa babur saboda rashin zaman lafiya, sai in ajiye nawa a wajen gari, in ɗauki akwatin a ka in shiga, sojoji suna tambayata mene ne a ciki, ina roƙonsu su leƙa ta taga kada su buɗe. A shekarar nan idon Munafuki ya yi ja fiye da duk sauran shekaru a haɗe. Kuma in ya yi ja, ba Dakta ce ke komawa ba. Ni ne zan tsaya a ƙofar mutumin da ko tsayuwa ba ya iyawa, in ce masa wancan da ya bayar ya lalace, ko zai ƙara. Wanda ke ganin aikin nan wasa ne, wannan sallamar nake so ya je ya yi sau ɗaya.

A cikin wannan shekarar ne Mma Memuna ta kwanta. Tun kafin nan an gano mata cutar a mahaifa, an kai ta Kumasi an gasa, ta dawo ta ci gaba da zagin mutane, muka ce alhamdu lillahi. Sai ga ciki ya tashi. Duk abin da ta ci ba ya zama, ga jini. Matar da ke ɗaga kwandon kifi da hannu ɗaya ta koma ana juya ta a tabarma. Ita a ranta cutar ce ta dawo, har ta fara rabon zannuwanta. Ƙanenta kuwa, Alhaji Seidu mai goro, wanda shi ke riƙe da gidan, ya ce ba cuta ba ce, abokan kasuwa ne suka ba ta wani abu a abinci, kuma abin da aka ci wanke shi ake yi. Ya riga ya sa an haɗo masa filasko da kanwa da wasu saiwoyi, irin wankin cikin da ko ƙato ya sha sai ya riƙe bango. Wata nas a Salaga ta gaya masa in hanjin a ƙone yake, wannan magani zai iya huda shi. Alhaji ya ce ita da baki take faɗa, a nuna masa. Ba mugu ba ne, yayarsa yake gani tana ƙarewa. Da ƙyar aka shawo kansa ya ce zai jira zuwa Sallah. In an sauko idi ba a kawo masa magana ba, zai ba ta.

Saura ita. Ta ce an huhhuda ta a Kumasi har ta zama rariya, ba mai ƙara sa mata allura. Na je na tsuguna a bakin tabarmarta na ce ashe matar da ta cire ƙayar tarwaɗa daga tafin hannunta da haƙori ita ce ke gudun 'yar allura, bari in je kasuwa in ba da labari. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni.

“Sau ɗaya, kai ɗan Bawku. In ka lalata shi, ka ba su naka.”

Ranar da aka ɗeba, Salaga ta kwana ba wuta. Na zaga duk masu firij na gari, abin da na samu dunƙule ɗaya ne, ina ƙwanƙwasawa na ji ruwa a cikinsa. Ban da zaɓi. Na lulluɓe shi da garin katako, na jiƙa algarara na rufe akwatin, na kama hanya. Ina azumi, ko da yake malamai sun ce matafiyi yana iya sha. Ni na ce hanyar ce gidana, saboda haka ba matafiyi ba ne ni, wanda wannan fatawa ce ta masu aji uku. Na wuce Bimbila lafiya. Can gaba, la'asar ta yi sanyi amma ƙasa tana huci, sai tayar baya ta yi tsaki ta kwanta. Na tura babur zuwa wani ƙauye a bakin hanya, 'yan gidaje da ƙaramin masallaci da dogonyaro a gabansa. Mai facin garin ya tafi gona bai dawo ba. Na kira Sista Azara, ta ce motar asibiti tana wajen Saboba da mai naƙuda. Na ɗan karkata akwatin, na ji ruwa yana yawo a ciki. Idon Munafuki kore ne har yanzu, amma na san irin wannan koren.

Sai idona ya faɗa kan wani buhu a inuwar masallaci, ƙasar da ke gefensa a jiƙe. Ko a mafarki na san wannan jiƙar. Dunƙulen ƙanƙara ne babba, mutanen garin suka yi karo-karo direban lori ya kawo musu daga gari, kuma shi ne na farko da suka gani tun da aka kama azumi. Dattawa sun zauna kewaye da shi suna jan carbi, amma ba wanda idonsa ke kan alƙibla. Na yi sallama, na roƙi izini na ƙwanƙwasa. Ta amsa mini da murya kamar ta liman. Ta nuna sarai.

Na ce su sayar mini. Suka yi dariya, ɗaya ya ce in tambayi 'yarsa ma ya fi sauƙi. Suka tambayi abin da ke cikin akwatin, na ce jini, kuma nan take dariyar ta mutu. Ashe labari ya daɗe yana yawo cewa akwai masu babur da ke sayen jinin mutane su kai kudu a yi tsafin kuɗi da shi. Samari suka fara matsowa, wani ya dafa kan babur ɗin. Suka ce in buɗe. Na ce in na buɗe yanzu ɗan sanyin da ya rage zai gudu, su leƙa ta taga. Suka leƙa suka ga ido kore yana kallonsu, abin ya ƙara lalacewa.

Limamin, wanda suke kira Afa, ya ce kowa ya zauna. Ya ce da farko jini najasa ne, a matsar da akwatin daga jikin masallaci zuwa gindin dogonyaro, abin da ya yi mini daɗi don can ya fi inuwa. Sannan ya ce in yi bayani. Dagbanci ne yarensu, nawa kuwa na kasuwa ne, na sayen doya da zagin kwandasta, da shi na tsaya na fassara ilimin jami'a. Na ce akwai wata tsohuwa a Salaga da aka gasa wa ciki a Kumasi don a kashe cuta. Na ce hanjinta yana aiko da saƙo ta cikin jini, ko wuta ce ta taɓa shi ko wani abu ne, kuma zafi yana goge saƙon. Na kawo kumatun kifi, na kawo filasko da Alhaji Seidu da ranar Sallah. Allah kaɗai ya san abin da suka ji. Ina ganin wani yana tambayar na kusa da shi ko kifin ne ba shi da lafiya.

Sai wani tsoho siriri da ke jingine da bango ya yi gyaran murya. Suna ce masa Ba Ziblim, “Ba” ɗin kamar a ce baba. Ya tambaye ni ko gashin nan shi ne wanda ake kwantar da mutum a ƙarƙashin babbar na'ura a zana masa alama a mara. Na ce shi ne.

“An yi wa uwar gidana,” in ji shi. “Ta dawo lafiya. Daga baya cikinta ya ƙi. Muka ba ta na wanki.”

Duk sun san inda kabarinta yake. Wanda ya dafa babur ya ɗauke hannunsa. Afa ya dubi buhun, ya dubi rana da ta kusa faɗuwa, ya haɗiye yawun da ba shi da shi, ya ce ruwa ko da ɗumi yana buɗe baki.

Wani ya ce to a raba biyu mana. Na ce su gafarce ni, rabi ba zai kai ni ba, don ban san yaushe mai faci zai dawo ba, kuma zuciyar dunƙulen nake bukata. Amma ba zai shiga akwatin ba sai an sassaƙe kusurwoyinsa, waɗannan nasu ne. Aka kawo adda, na sassaƙe a kan faranti, kuma Allah ya gani na ɗan zurfafa hannu a kusurwa ta ƙarshe don kunya. Kafin in ɗauka, Ba Ziblim ya ce yana da roƙo ɗaya. Ya cire hula, ya sunkuya, ya ce a ɗora masa a ƙeya. Aka ɗora. Ya rufe ido ya yi wani nishi da ya sa duk masallacin dariya, shi ke nan kowa ya cire hula, aka yi layi. Ni ina tsaye ina kallon ƙanƙarata tana zagaya ƙeyoyin dattawa, ina cewa a cikina ya isa haka, ya isa haka. Da ta dawo hannuna na buɗe akwatin sau ɗaya, na zubar da ruwan can nesa a rami, na sa ta, na rufe da garin katako, na danne murfi. Na leƙa. Kore.

Gutsattsarin aka zuba a bokitin ruwan sha. Kafin a kira salla sun ɓace, ruwan dai ya ji labarin sanyi. Da shi muka sha ruwa, da koko da ƙosai, kuma ba wanda ya yi ƙorafi a gabana, sai wani da ya ce in tsohuwar ta warke a gaya mata ta ci musu bashin sanyi. Mai faci ya dawo, ya sha kokonsa, ya yi mini aiki. Na isa Yendi ana kiran isha'i, Sista Azara tana tsaye a ƙofa. Ba ta amsa sallamata ba sai da ta leƙa tagar. Sannan ta ce sannu da zuwa, ta ɗauke akwatin ta shige. Na zauna a kan dakali.

Saƙon Dakta ya iso ana cikin goman ƙarshe. Ta ce alamomin da suka gani irin waɗanda suke gani ne ga masu ƙunar hanji, amma kamar yadda ta faɗa tun farko ba za ta tsaya a kan wannan kaɗai ba, a kawo Mma babban asibitin garin Tamale a duba cikin da kyamara. Wannan magana ita ta ɗaga Alhaji Seidu, don ya ce tun da jinin yayarsa da kansa ya yi magana, shi wane ne. Shi ya ɗauki hayar mota. Aka duba, cutar ba ta dawo ba, hanjin ne ya ƙone ya yi laushi. Likitan can ya tambayi ko an ba ta wani abu na gida, Alhaji ya ce a'a da ƙarfi, ya kuma dubi silin. Aka ba ta magani, aka hana ta yaji da mai da kanwa, aka ce ta riƙa ci kaɗan-kaɗan. Ba a ce za ta koma kamar dā ba, kuma ba ta koma ba. Amma da babbar Sallah da ƙafarta ta bi gida-gida tana karɓo zannuwan da ta rabar. Filaskon kuwa na ji an ce Alhaji ya ga kada a yi asara ya sha da kansa, bai fito kasuwa ba sai da aka je dubiya.

To, kun ji. Wanda ke son aikin a cikinku ya zo, Sista Azara tana neman mutum don hanyar Chereponi, ni kuma bayana ya fara kai ƙarata. Zan fara aikensa gidan ƙanƙara, in ga ko zai wanke.

Na gaya wa Mma labarin ƙauyen nan da maganar bashin sanyi. Tun daga shekarar, duk azumi sai ta sa an daskarar mata da dunƙule mafi girma a Salaga, ni kuma in kai, a wani akwati daban, don Afa ya ce kada a haɗa masa da najasa. Ba Ziblim yana nan, kuma shi ake fara ɗora wa a ƙeya. Bana da na je ɗauka na tarar da ita a kan kujera a tsakar gida, ta rame amma bakin yana nan yadda na san shi. Ta sa aka kwance buhun da na ɗaure, ta ce garin katakon bai isa ba, ta ce ɗaurin na malalata ne. Sannan ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa dunƙulen da bayan yatsa, ta karkata kai ta saurara.

“Wannan ta nuna,” in ji ta. “Kai ne dai har yanzu da saura, ɗan Bawku.”